Lissafi a Bayan Kalanda

Shekara talatin da ɗaya na koyar da lissafi a Gangare,
ban san tambayar da za ta kayar da ni
tana jira na a madafin gidana ba.

Ga ta: tukunyar ruwa ɗaya, ƙarfe biyar na asuba.
Sanyin Jos ya kwana a gwiwar Hurera,
ba ya tashi sai an roƙe shi da ruwan zafi.
Da me za a dafa?

Na juya kalandar bara, na ja layi uku da jan biro.

Na farko na mita ne.
Yaron da ya zo da riga mai tambari ya ce
an yi wa unguwarmu ƙarin girma,
wuta awa ashirin a rana, in ji takardarsa.
Ashe girman da kuɗinsa yake tafe.
Katin da ke kai mu Juma'a uku
yanzu ko ta biyu ba ya gani,
sai mita ta kama kuka a bango
kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa.
Awannin nan na ƙirga su da agogon marigayi Baba:
Talata sha ɗaya, Laraba bakwai,
Alhamis aka kawo ta ƙarfe biyun dare,
ba mai maraba da ita sai firjin da ba komai a cikinsa.

Na biyu na Ɗanjuma ne, mai gas a Dilimi.
Tsari biyu ya shimfiɗa mini a kan benci:
ko in riƙa sayen kilo-kilo, in bi kasuwa duk inda ta nufa,
ko in biya na wata uku a dunƙule, ya ɗaure mini farashi.
Na ce, in ya sauka fa?
Ya yi dariya har da buga cinya.
"Malam, tun da kake, ka taɓa ganin ya sauka?"
Na saci kallon sikelinsa.
Allurar na rawa tun ba a ɗora komai ba.

Na uku ɗan ƙanwata ne ya kawo, Huzaifa,
faranti biyu a kan rufi, biya wata goma sha takwas.
"Rana kyauta ce, Kawu."
Haka ne. Batir ne ba ya zumunci.
Kuma yaron a Sakkwato ya tashi,
bai ga Agustan garin nan ba,
sa'ad da hadari ke sauka baƙunta ya kwana biyar bai yi sallama ba.

Na tara, na ninka, na raba da talatin,
na ajiye biyu, na riƙe ɗaya a ka.
Gas ya ci, da ratar da ba ta wuce kuɗin mudun wake ba.
Na ja masa layi biyu a ƙasa
kamar yadda nake sa ɗalibai su yi.

Hurera ta karɓa, ta nisantar da takardar daga idonta.
Ba ta ce na yi kuskure ba.
Ta ce, "Ka sa tashin da nake yi sau biyu cikin dare
in je in shinshina wuyan tukunyar?
Nawa ne kilon barci?
Wancan kuma, ka sa tuwon da aka ɗauke wa wuta yana rabin nuna?"

Na duba. Babu gurbinsu.

Na ja layi na huɗu, a karkace, don takardar ta ƙare.
Ina nan ina neman sunan da zan rubuta a kansa
na ji ƙamshin gawayi daga tsakar gida,
da ƙarar murfin bokiti tana fifita da shi.
Ladan ya kira na biyu.
"Ka zo ka sauke mini," ta ce, "ya tafasa."
Na maƙale biron a kunne, na nemi tsumma.